Kada Matasanmu Su Raina Aikin Tallata Kaya

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida mai albarka domin in yi magana da matasanmu na karkara da suka kammala digiri ko difloma, waɗanda ke shawarar wace hanya za su bi cikin uku: tallata kayan kamfani da sayar da su, kula da haja tun daga tsara ta har ta isa hannun mai amfani da ita, ko kuma aikin kuɗi a banki da ofishin akanta. A nan yankin Taura da Ringim, idan ka tambayi yaron da ya dawo daga bautar ƙasa, banki zai ce maka, wanda ya saba da intanet kuma ya ce manajan haja, amma da wuya ka ji mai ambaton na farko, domin a ganinsu talla sana'ar wanda bai yi boko ba ce. Ni kuwa a ganina da ita ya kamata yawancinsu su fara.

Aikin kuɗi yana da martaba, kuma matakansa sanannu ne. Wanda ke son zama cikakken akanta sai ya ci jarrabawar ƙungiyar akantoci ta ICAN, wadda aka kafa a 1965, ko ta takwararta ANAN, mataki bayan mataki, kowane da kuɗinsa. Damuwar da iyayenmu ke yi game da kuɗin ruwa ma ta ragu tun da bankin Jaiz, wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, ya fara aiki a 2012, TAJBank ya biyo baya a 2019, ga kuma cibiyar nazarin bankin Musulunci a Jami'ar Bayero. Mai haƙurin zama da alƙaluma da tsantseni kan dukiyar mutane ya bi wannan hanya, babu mai zargin sa. Sai dai ya sani cewa sababbin ma'aikatan banki da yawa ana ɗaukar su ne a kan kwantiragi, a ɗora musu adadin asusun da za su buɗe da kuɗin ajiyar da za su kawo kowane wata, su wuni suna bin shaguna. Wanda ya guje wa talla sai ya iske kansa yana yin ta, bambancin kawai ya sa kwat.

Aikin manajan haja kuwa shi ne tsayawa tsakanin injiniyoyi, masu sayarwa da masu saye, ya yanke abin da za a ƙera da abin da za a jinkirta. Shirin 3MTT na koya wa matasa fasahar zamani da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 ya sa shi cikin darussansa, kuma albashin aikin na jan hankali. Amma galibin guraben suna Legas da Abuja, kuma ba kasafai kamfani ke miƙa makomar hajarsa ga wanda bai taɓa tsayawa gaban mai saye ba.

Wannan sanin mai saye shi ne jarin da yaranmu suke da shi ba su ankara ba. A dubi wakilin kamfanin maganin feshi a kasuwar Gujungu ranar Lahadi. Yana zaune a kan benci a rumfar dila, wani manomi ya ɗauki kwalbar lita, ya juya ta, ya duba hatimin murfinta, ya ajiye, sannan ya tambaya ko akwai ƙarama, ya kuma tambayi wane ne ya taɓa fesa ta a gonar riɗi a garinsu. Dilan kuma ya ce zai karɓi katan goma, amma biya sai kaka. A wannan zama kaɗai wakilin ya koyi cewa ƙaramin mazubi ya fi babba tafiya, cewa shaidar maƙwabci ta fi kowace sanarwar rediyo, kuma dole ya lissafa ko kamfani zai iya jiran kuɗinsa wata huɗu. Na farko da na biyu ilimin manajan haja ne, na uku kuwa ilimin akanta ne.

Haka aka gani lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023. Matasan da suka bi rumfa-rumfa suna raba na'urorin POS su ne suka gane cewa mai sayar da hatsi ba ya sakin buhu sai ya ji ƙarar shigowar kuɗi a ƙaramar wayarsa mai madannai, cewa saƙon Turanci sai an karanta masa, kuma idan sabis ya ɗauke ciniki ya tsaya. Kamfanonin da ke neman kasuwar Arewa suna buƙatar mai wannan sani ƙwarai, kuma wanda ya haɗa shi da iya kwamfuta da rubuta rahoto ya fi mai takardar kwas kaɗai hujjar neman kujerar manajan haja. 'Yan matanmu ma suna da rabo, domin suna shiga gidajen da wakili namiji ba ya shiga, inda ake yanke shawarar sayen fitilar sola, sabulu da kayan miya.

Ba na ɓoye cewa aikin yana da haɗari. Kada yaro ya karɓi aikin kamasho zalla ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba, wadda ta fayyace wa ke biyan kuɗin man babur, da kuma wanda zai ɗauki asara idan dila ya ci bashi ya ƙi biya. Ya kuma tabbatar maganin da zai tallata yana da lambar NAFDAC, domin idan gonar mutum ta ƙone, gidan mahaifinsa za a yi sallama, ba hedikwatar kamfani ba.

Kirana ga Jami'ar Tarayya ta Dutse, Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure shi ne, idan lokacin tura ɗalibai koyon aiki ya zo, su riƙa tura wasunsu wurin diloli da wakilan kamfanoni a Gujungu, Maigatari da Dawanau, maimakon sakatariyar ƙaramar hukuma inda galibi ba sa samun abin yi sai sa hannu a rajista.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin makaranta,
Ƙaramar Hukumar Taura, Jihar Jigawa.