Zuwa ga ƙawalli, kan Auta da lissafi

Assalamu alaikum ƙawalli,

Shiru kamar an aiki bawa garinsu! Tun bikin ƙanwar mijinki ban ji ɗuriyarki ba, ko sanyin Jos ne ya daskarar miki da yatsu? Ya yara, ya jikin Hajiya?

Ni dai Auta ce ta hana ni barci kwanan nan. Yarinyar da za ki aika shago da dubu ɗaya ta dawo miki da canji cif, amma malama ta kira ta gaban allo ta ce bakwai sau takwas sai ta tsaya ƙiƙam alli na rawa a hannunta, ran Talata ma ciwon ciki ta tashi da shi saboda akwai gwaji. Na yi faɗa, na yi lallashi, a banza.

Sai ƙanina ya turo min wani bincike na su Sian Beilock a jami'ar Shikago ta Amurka, na 2015. Sun bi yara 'yan aji ɗaya da biyu suka gano iyayen da ke tsoron lissafi in suna yawan taya 'ya'yansu aikin gida, yaran ba sa ƙaruwa sosai a shekarar, kuma tsoron sai ya kama su. Wallahi jikina ya yi sanyi, don kullum bayan isha'i ni ke zama da ita ina tsaki ina cewa ni ma lissafi bai taɓa shiga kaina ba, ashe tsorona nake ɗura mata. Fargabar ce ke cinye ɗan wurin da ƙwaƙwalwa ke riƙe lambobi lokacin da ake aiki da su, shi ya sa abin da yaro ya sani sarai sai ya gudu. A 2010 ma sun ga malamai mata masu wannan tsoro suna shafa wa ɗalibansu mata.

Kin tuna safiyar Litinin da dorina, ke da kike laɓewa bayana kina karanto Ƙulhuwallahu? Yanzu ga ki da shago kina lissafin riba kamar banki!

Af, mai awarar layinmu ta haihu, tagwaye, suna ran Asabar.

Yanzu na kama bakina. Gyaɗa muke zubawa a faranti mu jera takwas-takwas layi bakwai, in ta ɓata in ce sake ƙirgawa, in ta samu mu cinye. Jiya da kanta ta ɗauko farantin ta ce Umma mu yi na tara, na juya kai don kar ta ga hawayena. Gwajin gaba ran Alhamis ne, ki sa mana ita a addu'a don Allah.

Taki har kullum,
Maman Auta