Kapon fibir da samari ke yi a gida: a koya musu shi da kyau

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina gaida ku da ma'aikatan jarida da duk masu karatu. Ni mai gyaran jikin mota ne a nan Tawa, toliye kamar yadda ake ce muna, kuma abin da ya sa na rubuto shi ne wani aiki da na ga samarinmu sun fara shiga da ƙarfinsu, wato haɗa kapon mota, murfin injin nan na gaba, da fibir a cikin gida. Suna ganin bidiyo a YouTube da TikTok, su sayo rezin, wani ruwa mai danƙo da ke daskarewa ya yi tauri, da tabarmar fibir, wadda ake yi da zaren gilashi, su shiga zaure su fara. Ni wallahi abin yana burge ni, ina son shi, amma akwai wuraren da nike jin tsoro kuma ba na ganin kowa na faɗa musu.

Kowa ya san dalili. Hanyarmu daga Tsernawa zuwa Tawa har ka miƙe Abalak, dabba ba ta rabuwa da kwalta, jaki ne, saniya ce, raƙumi ne, kuma in mota ta kaɗe dabba kapo ne ke fara shan wuya. Da sai ka aika Yamai ko Ƙonni a nemo maka wani a wajen masu tsofaffin kaya, to tun 2023 da aka rufe iyaka da Benin kaya sai sun zagayo ta Lome da Burkina, komi ya yi tsada, wani kapon ma ko da kuɗinka a hannu sai ka jira ka gaji. Shi ya sa yaro in ya ga ana iya yin abin da hannu dole ranshi ya biya.

Kuma ba wasan yara ba ne, masu ƙera motoci da kansu sun daɗe suna yi. A Amurka tun 1953 Chevrolet Corvette ta fito da jikin fibir gaba ɗaya. A Faransa Citroën BX ta 1982 kaponta ba na ƙarfe ba ne, haka Renault Espace ta 1984 fatar jikinta irin wanga kaya ne. Fibir ba ya tsatsa, ya fi ƙarfe sauƙin nauyi, kuma ba ya son kuran da yawa, almakashi da buroshi da rulo da sikeli sun yi maka rabin aikin.

To amma aikin ba daga kapo yake farawa ba, daga mul yake farawa, wato mazubin da ake kwafo siffar kapon a cikinshi, kuma nan ne yara ke gaggawa. Sai ka samu kapon asali mai lafiya ko da aro ne, ka wanke shi, duk wani ɗan rami ka cike da mastik ka goge har ya yi sumul, don duk abin da ke jikinshi ko ɗan ƙarzanen farce ne sai ya fito a mul, daga mul kuma ya fito a kowane kapon da za ka zuba. Sannan kaki, irin wanda aka yi musamman don raba mul, ka shafa ka bari ya sha iska ka goge, ka sake, kamar sau 5 ko 6. Wasu suna sa giris ko man shafawa wai ai duk santsi ne, ƙarshenta mul ya kama kapon mutane ƙam sai an sa guduma, an ɓata mul an ɓata kayan aro, ga rigima da mai shi. Bayan kaki sai jelkot, wato rezin mai launi da ke zama fuskar waje, kaurinshi kamar rabin milimita, ka jira har in ka taɓa da yatsa ka ji yana ɗan danƙo amma launi bai biyo yatsan ba, sannan ka fara shimfiɗa tabarma. Mul dole ya fi kapon kauri sosai kuma a ɗaure bayanshi da katako ko bututun ƙarfe, in ba haka ba zai murɗe, kuma mul ɗin da ya murɗe har abada murɗaɗɗen kapo zai riƙa ba ka.

Yanzu ga babbar maganar da ta sa na rubuto, zafi. Bidiyon da yaran ke kallo yawanci an ɗauke su a ƙasashen sanyi, cikin garejin da zafinshi bai wuce digiri 20 zuwa 25 ba, mutum ya dama rezin ya tsaya yana surutu da kyamara har minti 20 bai daskare ba. Mu nan a Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin rumfar kwano kuwa sai wanda ya zauna ya sani. Rezin ba bushewa yake ba kamar fenti, dahuwa yake, katalizer ɗin da ake ɗiga mishi, wanda za ka ga an rubuta MEKP a jikin kwalba, shi ke tada dahuwar, kuma dahuwar da kanta tana fidda zafi, zafin kuma yana ƙara mata sauri. Ƙa'ida ita ce kashi 1 zuwa 2 cikin 100, wato mililita 10 zuwa 20 a kilo guda na rezin. A zafinmu kashi 1 ya isa, kuma kar a yi ƙasa da haka sosai don sai ya ƙi dahuwa ya zauna yana danƙo. A auna da sirinji, sirinji ba tsada gare shi ba, a daina cewa "murfi biyu" ko "ɗan zuba kaɗan", ido ba ya auna mililita.

Na ga wani yaro a unguwarmu da ya dama wajen kilo biyu lokaci guda cikin gwangwanin tumatir da azahar. Bai gama shafe kwata na mul ba abin ya fara kauri, buroshi ya tsaya cak a ciki, gwangwani ya yi zafin da ba a iya taɓawa, rezin ya koma ruwan ƙasa yana tsagewa yana ƙas-ƙas, hayaƙi mai yaji yana tashi, ga zaure cike da tabarmi da kwali, ƙannenshi suna tsaye suna kallo. Allah ya kiyaye aka jawo shi waje da filaya. Da an faɗa mishi ya dama gram 300 ko 400 kawai a faffaɗan mazubi, ya gama da shi ya sake dama wani, kuma ya fara aiki bayan sallar asuba ya tsaya kafin rana ta ɗaga, da bai yi asarar kayanshi ba. Lokacin sanyin hunturu ya fi daɗin aikin nesa ba kusa ba, sai dai shi kuma ƙura, dole ka yayyafa ruwa a ƙasa ka rufe ƙofa da leda, in ba haka ba jelkot zai fito da yashi a fuska.

Shi kanshi rezin yana tsufa. Wata 6 ne galibi ake ba shi in an ajiye a wuri mai sanyi, a shagon kwano kuwa ba ya kaiwa, sai ka buɗe galan ka ga ya yi kauri ko ya fara gudaji. Ƴan kasuwa suna zuba shi a robar ruwa su sayar ba suna ba kwanan wata, mai saye bai san abin da ya ɗauko ba. Don Allah ƴan kasuwarmu ku riƙa rubuta ranar da kuka buɗe duro, ku ajiye a inuwa.

Shimfiɗa tabarma ba wuya amma tana son haƙuri. Akwai mai gram 300 a murabba'in mita, akwai mai 450. A fara da siririyar don ta fi bin lungu, a yage gefenta da hannu maimakon yankewa don haɗin ya ɓace, a riƙa dannawa da buroshi, ba shafawa ba, sannan a bi da rulon ƙarfe a kori iska. Inda ya jiƙa da kyau za ka ga ya zama garai kamar kana hango jelkot, inda ka ga fari-fari iska ce ta maƙale, kuma wannan farin shi ne gobe rana za ta kumbura shi ya fashe ƙarƙashin fenti. Rezin ninki 2 zuwa 2 da rabi na nauyin tabarma ya wadatar. Yara suna zaton yawan rezin shi ne ƙarfi, alhali ƙarfin a zaren gilashin yake, rezin in ya yi yawa nauyi kawai yake ƙarawa da saurin tsagewa.

Sai wurin da rai yake. Malam Edita, ɗaga kapon kowace mota ka leƙa cikinshi za ka ga ba falle ɗaya ba ne, akwai ƙashi a ciki, a jikin ƙashin ne sharniye, ƙarfen da kapo ke juyawa a kanshi in an ɗaga, ke ɗaure ta baya, makulli da ƙugiyar tsaro ta gaba. Yawancin abin da yara ke yi fatar sama ce kawai, sai su huda fibir su ɗaura bis kai tsaye. An kawo mini irin wannan a gareji, ramukan bis huɗu duk sun yage sun zama dogaye, farin gari yana zuba daga cikinsu, makullin ana iya girgiza shi da yatsa biyu, kuma motar ɗaukar fasinja take tsakanin Tawa da Ƙonni. Ka san yadda hanya ke jijjiga mota. Ranar da makullin nan ya saki ana gudun kilomita 90 ko 100, iska za ta ɗaga kapo ta maka shi a gilashin gaba, direba ba ya ganin komi, ga mutane a baya, ga babura a gefe. Na ce ma mai motar ba zan bari ta fita haka ba ko zai yi fushi da ni.

Yadda ya kamata, a yi ma ƙashin ciki nashi mul daban, a binne farantan ƙarfe masu kauri da aka yi ma walda da noti a inda sharniye da makulli za su zauna, a lulluɓe su da tabarma falle da yawa, sannan a manne ƙashin da fatar tun fatar tana cikin mul don kar ta karkace. Ƙugiyar tsaro ta biyu kar a kuskura a cire ta. Kuma a ƙara fil biyu a gaba masu ratsa kapo su kama jikin mota, irin na motocin tsere, gajeru, waɗanda ba za su tsaya tsini su yaga mutum ba. Ta ciki kuma a manna takardar alminiyom mai tare zafi musamman saitin bututun hayaƙi, don rezin na gama-gari yana fara laushi tun zafi bai kai digiri 100 ba, kuma yana cin wuta. Fenti ma ni fari ko mai haske nike ba da shawara, baƙin kapo a ranar Adar ga zafin inji ta ƙasa sai ka ga tsakiyarshi ta lotsa.

Lafiyar mai aikin ma ba a magana a kanta. Warin nan mai hawa kai stiren ne, yana sa jiri da ciwon kai, bai kamata a yi aikin a ɗakin da ake kwana ko kusa da mai ciki da yara ba. Katalizer ɗigo ɗaya a ido yana iya makanta mutum, a sa tabarau, a ajiye butar ruwa kusa. Akwai wani ruwa mai launin shuɗi-ja, kobal, da ake ƙara ma rezin don sauri, in ya haɗu da katalizer kai tsaye wuta ce ke tashi nan take, kar a ajiye su wuri ɗaya. Aseton na wanke buroshi shi ma ko tartsatsin sigari ya ishe shi, balle garwashin mai shayi. In an zo yanka da gurza kuwa ƙurar gilashi ce ke tashi, tana shiga fata ka kwana kana susa, tana shiga huhu, rawani ko ƙyalle a hanci ba ya tare ta, a nemi takunkumi na gaske da riga mai dogon hannu.

Ni a ganina, wanda ke da mota ɗaya kuma ana samun kaponta na ƙarfe a kasuwa, ya sayi na ƙarfe. Ƙarfe in an yi karo lanƙwashewa yake ya shanye wani abu daga bugun, kuma mu toliye muna iya buga shi ya dawo, fibir kuwa fashewa yake. Kuma kuɗin mul kaɗai ya kan fi na kapon, kamar mai bulo ne, ba wanda ke ƙera mul don bulo guda. Inda abin ke da riba shi ne motocin da suka cika gari, Hilux da Corolla da Starlet ɗin taksin Yamai, da tsofaffin da kayansu suka ɓace kamar Peugeot 504, gareji uku ko huɗu su haɗa kuɗi su yi mul mai kyau guda su riƙa karɓa-karɓa. Kuma hannun da ya iya kapo ya iya farshok, abin tare karo na gaba da bayan mota, ya iya robobin babur, rufin adaidaita, gyaran tankin ruwa da ya tsage, har jirgin ruwa a kogin Isa.

Shi ya sa nike roƙo ta bakin jaridarku. Muna da cibiyoyin koyon sana'a na CFM a kwaminoni, muna da FAFPA mai tallafa ma koyon sana'a, a sa aikin fibir cikin abin da ake koyarwa kusa da walda da makanikanci, ko da horo ne na ƴan makonni ga yaran da suka riga suka fara da mu masu gareji, a koyar da awo da zafinmu na nan, da Hausa da Zabarmanci da Tamashek. Masu duba lafiyar mota kuma in sun ga kapon fibir su ɗaga su girgiza makulli su duba ƙugiya. Ku kuma Malam Edita ku turo wakilinku ya zaga garejojin Tawa da Yamai ya ga masu yin aikin da idonshi, ya ɗauko hoton cikin kapon inda makulli ke ɗaure, a buga a jarida masu motoci su san abin da za su duba kafin su biya kuɗi. In ya iso Tawa ni zan zaga da shi.

Na gode, Allah ya ƙara ma jarida albarka.

Naku,
wani toliye daga Tawa