Mai ajiyar mudaraba abokin kasuwanci ne, ya riƙa duba littafin banki

Edita, assalamu alaikum.

Tun da bankin Musulunci na Jaiz ya fara aiki a 2012, takwaransa Taj ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021, ƙorafin da aka fi ji a bakin 'yan kasuwa shi ne ribar murabaha, wato cinikin da banki ke sayen kaya ya sayar bashi da ƙarin riba, ta yi tsada. Ƙorafin na da tushe, amma ya kamata a san inda tsadar take fitowa.

A ce banki zai sayar wa manomi taki. Sai ya saya da kuɗinsa, ya mallaka, sannan ya sayar bashi. Idan ruwa ya jiƙa buhunan a sito kafin a miƙa su, asarar bankin ce. Ga kuɗin takaful, wato inshorar Musulunci, ga na mai zuwa duba kaya, ga alawus ɗin malaman kwamitin Shari'a. Da an sa hannu kuma farashi ya ƙullu. Lokacin da Babban Banki ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024, bankunan ruwa sun ƙara wa masu bashi, na Musulunci kuwa ba shi da ikon ƙara ko kwabo. Wanda ya yi jinkirin biya, tarar da aka ci shi sadaka ake kaiwa. Rarar kuɗi ma ba a sayen takardun baitulmali da ita saboda suna da kuɗin ruwa, sukuk (takardun zuba jari na Musulunci) na Gwamnatin Tarayya da aka fara a 2017 da naira biliyan 100 kuma ba kullum ake samunsa ba.

To, wa ke ɗaukar wannan kasada? Da masu asusun mudaraba ake ɗauka, wato waɗanda banki ke juya kuɗinsu a raba riba, ko da yake yawancinsu sun ɗauka asusun ajiya ne kawai. A ƙa'ida, in aka yi asara ba da sakacin banki ba, daga jarinsu za ta fita. Banki kan ɓoye wani kaso na ribar shekarar albarka don cike giɓin mummunar shekara, wani lokaci har ya sarayar da nasa rabon don kada masu ajiya su gudu. Ribar sai ta riƙa zuwa daidai wa daida, mai ajiya ya daina tambaya, manajan da ya ba da bashi ido rufe ya sha.

Ina roƙon Babban Banki ya tilasta wa bankunan nan bayyana wa kowane mai asusu, duk wata uku kuma da Hausa, kason rabon riba, yawan bashin da ya maƙale, da nawa aka ɗebo daga asusun ko-ta-kwana aka cika masa ribarsa.

Daga wani akanta, Kano