Wasiƙa daga Agege kan lissafin ɗigo

Agege, Legas

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu ma nan lafiya lau, sai ruwan sama da cunkoson motocin da ka sani.

Na ga saƙonka kan yaron wajenka na aji biyar, cewa lissafin ɗigo ya gagare shi, har kana zargin wasa ne ya yi masa yawa. Don Allah kada ka tsananta masa. Yaran da nake yi wa darasin yamma a unguwarmu, a nan yawancinsu suke tuntuɓe. Ka rubuta musu 0.5 da 0.25 ka ce wanne ya fi, sai su nuna 0.25, wai ashirin da biyar ta fi biyar. Ni ban ga laifinsu ba, tun aji ɗaya suka saba lamba mai tsawo ita ce babba.

Mu kwabo ne ya koya mana. Tun da aka kawo naira a 1973, kwabo ɗari ne naira guda, kuma mun riƙe sule a hannu, mun san goma ne ke cika naira. In an rubuta ₦1.50 ba sai an yi mana bayani ba. Yaran yau kuwa ba su taɓa sayen ko alewa da kwabo ba, sai dai su hango shi a saƙon banki a wayar iyayensu.

Shawarata, ka ajiye ɗigon tukuna ka fara da gurbi. Rubuta masa 555, ka tambaye shi ko biyar ɗin nan uku ƙimarsu ɗaya. Ta farko ɗari biyar ce, ta tsakiya hamsin, ta ƙarshe biyar. Duk taku ɗaya zuwa dama, ƙima ta rabu goma. In ya kama wannan, sai ka nuna masa tafiyar ba ta tsaya a gidan ɗai-ɗai ba: gaba akwai kashi ɗaya cikin goma, gabansa kashi ɗaya cikin ɗari. Aikin ɗigo kawai ya nuna inda cikakkiyar lamba ta ƙare.

Daga nan ka ɗauko littafinsa mai gida-gida, ya zagaye layi goma, kowanne gida goma. Ya cike layi biyar da fensir, wannan shi ne 0.5, gida hamsin ke nan. Ya sake zana wani ya cike gida 25, ya zana na uku ya cike gida biyar kacal, wato 0.05. Bar shi ya jera su ya duba da idonsa, kai kada ka ce komai. Wata yarinya a darasina da ta kai nan, ta daɗe tana kallon takardar, can ta ɗago ta ce, "Malam, ashe sifilin nan ba banza yake zaune ba."

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne haddar "in za ka ninka da goma, ƙara sifili". Da ita yaro zai mai da 2.5 ta zama 2.50, alhali bai ƙara komai ba, amsar kuwa 25 ce. Kowace lamba ce ke matsawa gurbi ɗaya zuwa hagu. In kun je sayen nama ma, ka sa shi ya karanta sikeli. Tsakanin kilo 1.5 da kilo 1.05 akwai giram 450, kusan rabin kilo, kuma mahautanmu na Oko-Oba ba sa kuskuren wannan.

Tunda baɗi zai zauna jarrabawar shiga sakandare, ku fara tun yanzu, ko da minti goma ne bayan magariba. Ka ɗauki hoton aikinsa ka turo min ta WhatsApp in ga inda yake karkacewa.

Ka gaishe min da Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya. Sai na ji daga gare ka.

Naka har kullum,
Amininka na Agege