Koke zuwa ga Mai Unguwa kan tsohon ɗakin gwajin kuza na layinmu

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Mu mazauna layin bayan masallaci a nan Jos ta Arewa ne muka haɗu muka rubuto maka, a kan ɗakin nan da dillalan kuza suka yi shekaru suna gwajin ƙasa a ciki kafin su tashi.

Da aka fasa kwaɗon ɗakin sai ga kwalabe masu alamar nan ta fanka mai kunne uku da ke gargaɗin radiyeshon, wato haske mai cutarwa da ido ba ya gani, ɗaya ta fashe, wani gari ruwan ɗorawa ya bushe a kan tebur har ƙasan siminti. Ɗan layinmu da ya karanta kimiyya ya leƙa daga bakin ƙofa, ya ce ga alama gishirin yuraniyom ne, sinadari mai fitar da radiyeshon, kar wanda ya taɓa. Shi kuwa maigidan wai yara zai samu su share da tsintsiya su watsa ruwa da omo, ya saka haya kafin ƙarshen wata.

Ranka ya daɗe, omo ba ya kashe radiyeshon, wuri kawai yake canza masa. In an share a bushe ƙura ta tashi yaran su shaƙa, in an wanke kuma gishirin narkewa yake a ruwa ya bi kwata, ga rijiyoyinmu nan kusa kuma kowa ya san da rani su muke sha, abin nan in ya shiga ciki ƙoda yake fara taɓawa. Ƙwararrun masu share irin wannan da safar hannu da takunkumi suke shiga, su goge da jiƙaƙƙen ƙyalle daga gefe zuwa tsakiya don kar ya yaɗu, su auna da na'urar Geiger mai gano radiyeshon, su sake gogewa su sake aunawa, ƙyallen ma ba a jefa shi bola. Katako da simintin da suka sha kuwa wani sa'in sai an ɓamɓare su ɗungurungum. Wannan aikin almajiri ne fisabilillahi?

Roƙonmu ka sa a mayar da kwaɗo yau ɗin nan, makulli ya zauna a hannunka. Sannan ka kai maganar gaban ciyaman ya rubuta wa hukumar kula da harkar nukiliya ta ƙasa, NNRA, a Abuja, ita dokar 1995 ta ɗora wa kula da irin waɗannan kaya, su turo a auna ɗakin da ruwan rijiyoyin kafin kowa ya kama haya.

Allah ya ƙara girma.
Mazauna layin bayan masallaci.