Rahoton Ayyukan Ƙungiyar Mazauna Unguwa na Shekarar 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu dattawa, mai girma mai unguwa, iyaye mata, 'yan uwa matasa, ga rahoton abin da ƙungiya ta yi a bana, kamar yadda aka saba karantawa kafin ma'aji ya kawo lissafinsa. Muna fara wa da addu'a ga membobinmu da suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu, ya kyauta namu zuwan.

Galibin zirga-zirgarmu ta bana a sakatariyar ƙaramar hukuma ta ƙare. Majalisar da ta hau bayan zaɓen ƙananan hukumomi 44 na jihar Kano, wanda aka yi ranar 26 ga Oktoba, 2024, ta zauna bitar ƙa'idojinta kan gidaje da tsaro da tsaftar muhalli da basussuka, sai kansilan mazaɓarmu ya aiko cewa ƙungiyoyin unguwanni su kawo ra'ayinsu. Wasu cikinmu suka ce ɓata takalmi ne kawai. Kwamiti ya ce zuwa da kai ya fi saƙo, muka je.

Zaman farko ya ba mu kunya kaɗan, domin mun gano shekara da shekaru muna ƙwanƙwasa ƙofar da ba ita ba. Wani ɗanmu lauya ya buɗe mana jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999, ya karanto abin da ya rataya a wuyan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, gidajen wanka da bahaya, kwashe shara, magudanan ruwa da fitilun titi na ƙananan hanyoyi, raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba, da ƙiyasta harajin gidaje. Filin cikin birni kuwa, tun dokar filaye ta 1978, a hannun gwamna yake. Izinin gini na KNUPDA ne, hukumar tsara birane ta jiha, sabunta takardar mallaka ta KANGIS ake bi, hukumar adana bayanan filaye ta jiha, 'yan sanda kuma na tarayya ne. Daga ranar muka raba takardar kokenmu gida biyu, abin da ciyaman zai iya da hannunsa, da abin da sai dai ya rakamu da wasiƙa.

Batun gidaje da na muhalli mun haɗa su wuri guda, don a unguwarmu ruwa ne ya haɗa su. Dattawa sun tuna mana cewa kududdufin bayan masallaci shi ke shanye ruwan layuka uku tun muna yara. An cike shi da shara da ɓaraguzai, an yanka, an gina. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. A ruwan Agusta ya shiga gidan wata baiwar Allah mai marayu da tsakar dare, katangar ƙasa ta jiƙe ta zauna a kan madafinta. Da asuba muka tarar da ita tana tsamo buhun masara daga cikin laka, yara na tsaye kan gado. Allah ya tsare rai. Matasa sun buga bulo, magina biyu cikin membobi suka ɗora katangar ba su karɓi ko sisi ba. Abin da ya faru a Maiduguri da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, da na Mokwa a ƙarshen Mayun bana, ya sa wannan karon babu wanda ya ce muna zuzuta magana. Mun roƙi majalisa ta rubuta sunayen kududdufan da suka rage a yankinta, ta kafa musu alama, ta miƙa wa jiha kafin su ma a wayi gari an kai musu tifa.

Yasar lambatu mun yi ta a Asabar ɗin ƙarshen wata, lokacin tsaftar muhalli ta jiha. Duk wanda ya riƙe shebur ran nan ya ga abin da ke toshe mana kwata: ledar ruwa ba iyaka, ƙunzugun yara, tsohuwar katifa, har da mushen akuya. Wannan ba ciyaman ne ya zuba ba, mu ne. Inda muka yi ƙorafi shi ne a fito da ƙazanta a tara bakin hanya, mota ba ta zo ba, ruwa na gaba ya mayar da ita inda ta fito. Mun nemi a ajiye mana mazubin shara a bakin titi da ranar kwashewa sananniya. An amsa da baki. A rubuce har yanzu muna jira.

'Yan haya sun kawo kukansu kan ƙarin kuɗi ba sanarwa da la'adar dillalai, masu gidaje kuma suka ce a tambayi kuɗin siminti da kwano tun cire tallafin fetur a Mayun 2023. Kowa da gaskiyarsa. Abin da muka iya shi ne takardar yarjejeniyar haya mai shafi ɗaya da Hausa, mai unguwa na sa hannu a matsayin shaida. Ma'aikata masu albashi su riƙe rasit ɗin haya da kyau, domin sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, mai aiki daga Janairun 2026, ta ba da damar cire kashi 20 cikin 100 na hayar shekara daga kuɗin shigar da za a yi wa haraji, iyakarsa naira 500,000.

Tsaro ba za mu tsawaita ba, kowa ya san halin da ake ciki da ƙwacen waya da faɗan daba. Mun gyara fitilu masu aiki da hasken rana a lungunan da suka fi duhu, mun rubuta sunan kowane ɗan sintiri da mai tsaya masa, an kai wa 'yan sanda kwafi. Doka ɗaya muka tsananta: wanda aka kama a miƙa shi, ba duka, ba ihun ɓarawo a tara jama'a.

Maganar bashi ce ta fi cin lokaci, ita ce kuma ta fi zafi. Majalisa ta ce tana bin mutane tsohon bashin harajin gidaje da kuɗin rumfuna, tana so ta fara garƙame shaguna. Muka ce to, amma a fara nuna littafi. Mai shayin bakin layi, wanda kowa ya sani, ya zo gaban kwamiti da wata leda baƙa cike da 'yan takardu. Muka baje su kan tabarma ɗaya bayan ɗaya. Wasu da hatimi, wasu ba hatimi, wasu yagaggen fallen littafin makaranta ne da sa hannun da ba ya karantuwa. Mutumin ya biya, amma a can an rubuta bai biya ba, har an taɓa ɗauke masa tebur da benci. Kuɗin ya fita daga aljihunsa, bai isa baitulmali ba, sai a ce shi ne mai taurin bashi? Wannan leda muka ɗauka muka kai zaman majalisa, ta yi mana maganar da bakinmu ba zai iya ba.

Shawararmu ita ce a daina karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu, a biya ta banki ko POS zuwa asusun hukuma, a yi sanarwa a rubuce kafin a taɓa ƙofar kowa, a bar mai tsohon bashi ya biya kaɗan-kaɗan, a kuma duba zawarawa da tsofaffin da gidan gado kaɗai suka mallaka. Mun kuma tambayi ɗaya ɓangaren, wato bashin da ake bin ita ƙaramar hukumar, na 'yan kwangila da masu shara na wucin gadi. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da jihohi ba, ko da yake ana ta kai-komo kan aiwatarwa. A ganina, duk ranar da kuɗin ya fara sauka, takarda ɗaya a manne a allon sakatariya mai nuna abin da ya shigo da abin da ya fita za ta sa mutane biyan haraji fiye da kwaɗon garƙame shago. An karɓi batun biya kaɗan-kaɗan. Batun allo an ce za a duba.

Tunda ana maganar bashi, mu ma mu taɓa namu. Akwai membobin da rabonsu da kuɗin wata tun kafin azumi, alhali daga ciki ake biyan 'yan sintiri da sayen batirin fitila. Ma'aji ba zai kira suna a bainar jama'a ba, dattawa sun hana, amma littafi na hannunsa bayan sallar isha'i a ƙofar gidan mai unguwa. Duk mai tsohon rasit na haraji ko na rumfa, ko da yagagge ne, ya zo da shi taron wata mai zuwa, za mu ɗauki hotonsa mu haɗa cikin takardar da za a mayar wa kansila.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa.