Abin da Maori suka yi wa harshensu a talabijin, da abin da ya rage mana

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin hukumomi da ma'aikatan gidajen talabijin namu na Nijar zuwa ga Maori, mutanen asali na ƙasar Niyuzilan, waɗanda harshensu ya kusa shuɗewa a ƙarnin da ya wuce, bayan an daɗe ana dukan yaransu a makaranta idan suka yi magana da shi, kamar yadda aka riƙa rataya wa namu ɗalibai sambol, wato alamar horo, a lakkal saboda sun yi Hausa.

A 1972 suka kai wa majalisar dokoki takardar koke mai sa hannun mutum fiye da 30,000, suna neman a koyar da harshen a makarantu, kuma a 1987 doka ta mayar da shi harshen hukuma. Sai dai dokar ba ta zo musu da tasha ba. Babban abin da suke da shi a lokacin shi ne Te Karere, labarai na ƴan mintoci a tashar gwamnati. Da gwamnati ta tashi miƙa kadarorin watsa labarai ga kamfanoninta, sai Maori suka shigar da ƙara har Landan, suna kafa hujja da yarjejeniyar Waitangi ta 1840 da shugabanninsu suka ƙulla da masarautar Birtaniya. Kotu ba ta hana miƙa kadarorin ba, amma ta tabbatar da cewa kare harshen nauyi ne a wuyan gwamnati. A 1993 aka kafa Te Mangai Paho, hukumar da ke ba masu shirya shirye-shirye kuɗi domin su yi aiki da harshen Maori. Tashar gwaji da aka buɗe a Okland a 1996 ta rufe a shekarar da ta biyo, kuma sai ranar 28 ga Maris 2004 tashar Maori ta fara aiki, wato shekara 17 bayan dokar. Tun 2022 ake kiranta Whakaata Maori.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne irin shirye-shiryen da suka zaɓa. Sun ba yara babban kaso, da katun da waƙoƙi da darussan harshe, domin sun gane cewa harshen da yaro bai yi dariya da shi ba yana ƙarami, da wuya ya riƙe shi da girma. Suna nuna gasar waƙa da rawar gargajiya ta Te Matatini, suna kuma sa fassarar Ingilishi a ƙasan hoto a shirye-shirye da dama, har waɗanda ba Maori ba suka zama masu kallo, musamman ranar 25 ga Afrilu da ƙasar ke tunawa da sojojinta. A 2008 suka ƙara tasha ta biyu, Te Reo, wadda ba a jin komai a cikinta sai harshen Maori.

Na san wani zai ce Hausa ba ta cikin haɗari, kuma gaskiya ne, domin duk wanda ya shiga babbar kasuwar Maraɗi ya san da wane harshe ake ciniki. Kundin sake gina ƙasa na 2025 ma ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma a duba abin da yaranmu ke kallo bayan la'asar: katun da Faransanci ko Larabci, sai fina-finan Indiya da aka fassara a Kano, sai abin da Arewa24 ke kawowa tun 2014. Ban raina ƙoƙarin ƴan'uwanmu na Najeriya ba, muna ma cin moriyarsa, sai dai ba su ne za su ba ɗan Tibiri tarihin Gobir ba, ba kuma aikinsu ba ne su nuna wa manomin Agye yadda sassaben zamani, wato rainon itatuwan da ke tsirowa da kansu a gona, wanda ya samo tushe a jiharmu tun shekarun 1980, ya mayar da gawo da kalgo cikin gonaki. Abin da muke shiryawa da kanmu galibi bai wuce fassarar labarai daga Faransanci da wa'azi da talla ba, alhali duk shekara gasar kokowa ta takobin ƙasa tana nuna mana cewa jama'a ba sa tashi daga gaban talabijin idan abin nasu ne.

Matsalar ba rashin gwanaye ba ce. Matasa masu kyamara da marubuta wasan kwaikwayo suna nan, amma shirin yara ba ya kawo talla, don haka tashar da ke fama da albashi da kuɗin lantarki ba za ta ɗauki nauyinsa ba. Wannan giɓin ne asusun Maori ya cike, kuma irinsa nake roƙon a kafa mana: asusun da kwamiti mai zaman kansa zai riƙa raba kuɗinsa ta hanyar gasa a bainar jama'a, ga tashoshin gwamnati da masu zaman kansu da ƙananan kamfanoni na jihohi, tare da fifita shirye-shiryen yara. Wajibi ne kuma a ware kaso ga Tubanci da Buduma da Tasawak da Gurmanci, domin su ne halinsu ya fi kama da na Maori, kuma bai dace mu Hausawa mu cinye rabonsu don muna da yawa ba.

Tashar Maori kanta ta fuskanci ƙarancin kuɗi, har Te Reo ta koma intanet kaɗai a 2025. Saboda haka ina kira ga ma'aikatar sadarwa da ta sa a rubuta kason wannan asusu cikin doka, yadda ba za a iya rage shi ba duk lokacin da kasafin kuɗi ya yi tsauri.

Naka,
Malamin makaranta mai ritaya,
Maraɗi.